Dami Ɗaya a Kowace Kaka

Shekarun baya, lokacin da jam'iyyu suka fito kowa yana yawo da hula mai launin tasa, amma tukwane a gidaje suna kwana a kife, wani abu ya same mu ni da mahaifiyata. Har yau akwai unguwar da ke gabashin Tawa wadda ba na ratsawa, gara in zagaya ko da rana ta take. Na daɗe ina son in ba ku labarin. Duk sa'ad da na fara sai in ji tsoron kada in zalunci wani, in goge. Yau dai zan faɗi abin da na sani, inda ban sani ba kuma in ce ban sani ba.

Ni tela ne. Karatuna na lakwal, wato boko, bai wuce ƙaramar makaranta ba. Wanda ya san ni ya san halina: in auna mutum, in sake aunawa, ya kai bakin ƙofa in kira shi in ƙara duba kafaɗa. In rufe shago in yi nisa, in dawo in ja kwaɗo. Mahaifiyata takan ce sauran yara da kuka suka zo duniya, ni kuwa da "ko dai" na zo. Ku riƙe wannan, don shi ne rabin labarin.

Mahaifina ba ɗan nan ba ne. Daga wajen Tebaram ya zo yana saurayi, ya sauka a wani ƙauye da ke bakin Tawa ta hanyar Kalfu, ƙauyen da birni ya haɗiye yanzu. Wani mutum ɗan asalin wurin ne ya sauke shi a zaurensa, suka zama aminai. Gonar da na tashi na ga muna nomawa tana manne da ta wannan mutum. Fako ne a da, ƙasa mai tauri kamar daɓe. Mahaifina ya jera duwatsu don su tare ruwa, ya haƙa ramuka, ya yi ta jigilar taki a kan jaki, har wurin ya soma ba da hatsin da ke kai mu wata damina in Allah ya kawo ruwa.

Kowace kaka, kafin a zuba komai a rumbu, mahaifina yakan zaɓi zangarniya masu kyau ya ɗaure dami ɗaya, a kai gidan amininsa. Daga baya idon mutumin ya tafi gaba ɗaya. Da na yi ƙarfi, ni nake ɗaukar damin a kai, in ratsa tsakiyar gari da shi, makahon ya shafa shi da hannu ya sa mini albarka. Mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta ce abin da mijinta ya fara ba a hannunta zai yanke ba. Makahon ma ya rasu, aka ci gaba da kai wa matarsa, wadda nake kira Iya. Ban taɓa tambayar dalili ba. Abu ne da ake yi kamar gaisuwar sallah.

Ɗan makahon abokina ne. Kaciyarmu ɗaya, bencinmu ɗaya a lakwal. Shi ya tafi Abijan neman kuɗi kamar yawancin samarin yankinmu na Adar, ni na zauna da keken ɗinki, da damina in rufe shago in kama wa mahaifiyata noma.

Sai shekarun nan suka zo. Darajar kuɗinmu, sefa, ta karye, ma'aikata suna wata da watanni ba albashi, ba mai ɗinka sabuwar riga, sai faci kawai ake kawo mini. Abokina ya dawo da mata da 'ya'ya, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abin da ya kawo daga can, rediyo ne da ba ya da batir. Kullum yana shagona, muna shan shayi, yana yi mini ba'a wai na tsufa a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Na ji daɗin dawowarsa ƙwarai.

A rediyon maƙwabcina muka ji an yi sabuwar doka ta ƙasar noma, wai wanda ya gaji gona bisa al'ada, haƙƙinsa daidai yake da na mai takarda, yana iya zuwa a rubuta masa. Mutane suka ji abin da suke son ji. Duk wanda kakansa ya taɓa ba da aron gona ya fara tuno ta. Ana cikin haka mai shela ya zagaya ya ce birni zai faɗaɗo ta wajenmu, za a auna gonaki a yanka filayen gidaje. Mai gona za a ba shi wani kaso na filayen. Wanda aro yake nomawa kuwa, sai dai ya ɗauki hauyarsa.

Ban damu ba, ni da nake damuwa da komai. Wannan shi ne abin da har yanzu yake ba ni dariya mai ɗaci.

Mai awon ya zo da hantsi, hatsi ya riga ya fitar da kai. Muna ce masa Mushe, yadda ake kiran ɗan boko mai aikin gwamnati a wajenmu. Mutum ne mai sanyin magana, takalminsa ɗaya ya buɗe baki, shi ma ka san albashin bai iso shi ba. Yana da na'ura mai ƙafa uku, da leburori masu ɗauke da sanda mai ja da fari da turakun siminti. Ya ce ƙa'idar aikinsa ita ce ba ya kafa turke sai maƙwabtan ɓangare biyu suna tsaye sun yarda da wurin. Don haka aka taru: ni, mahaifiyata, maƙwabtan gona, da abokina a madadin gidansu.

Na fito a gaggauce, ashe abin awona na ɗinki yana rataye a wuyana. Abokina ya dube ni ya ce, "Tela, riga za ka yanka ma gonar?" Aka yi dariya, har Mushe.

Muka fara bin iyaka. Ta arewa akwai jerin gamba, ciyawar nan da ake dasawa tsakanin gonaki, tushenta ba ya mutuwa. Maƙwabcin ya ce haka ne, aka kafa turke. Ta gabas jeren duwatsun mahaifina ne da wata aduwa, ba gardama. Ta kudu burtali ne, hanyar shanu, Mushe ya auna faɗinsa ya ce kada kowa ya ci shi. Muka juyo yamma, wajen gonar gidan makaho. Nan babu gamba, babu dutse, babu itace. Da akwai gamba, amma a shekarar babban fari aka tone ta har saiwa aka ba awakin gidajen biyu, kuma ba wanda ya sake dasawa. Tsakaninmu da su, kowa ya san inda hauyarsa take tsayawa.

Mushe ya ce, "Ina iyaka a nan?"

Mahaifiyata ta nuna da ƙotar hauya, daga wancan tudun tururuwa zuwa burtali.

Abokina bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Mushe, babu iyaka nan. Gona guda ce, ta ubana. Aro ya ba su wannan gefen."

Na yi dariya, don na ɗauka ci gaban ba'ar rigar ce. Ni kaɗai na yi.

Mahaifiyata ta ce, "Kai ɗan nan, a bayana ka yi barci ranar da uwarka ba ta da lafiya."

Ya ce, "Ban musa ba, Inna. Amma damin da kuke kawo muna kowace kaka, na mi ne?"

Ga waɗanda ba su san al'adarmu ba, bari in bayyana. A ƙasarmu wanda aka ba aron gona yakan kai wa mai ita dami bayan girbi. Ba don yawan hatsin ba ne, don idon mutane ne. Muddin damin yana shiga wata ƙofa, gari ya san ƙasar ta mai wannan ƙofa ce, ko da ka tsufa kana nomanta, ko da ɗanka ya gaje ka a kai. Shi ya sa mai niyyar cin gonar aro abin da yake fara yi shi ne ya daina kai dami ya ga ko za a yi magana. Mu kuwa ba mu taɓa fasawa ba, ko shekarar da muka ci ganye. Kuma a kaina gari ya gan shi yana tafiya.

Mushe ya naɗe ƙafafun na'urarsa. Ya ce, "Ni ba alƙali ba ne. Wannan abin yana gaya mini nisa da kusurwa idan kun nuna mini iyaka. Ba ya gaya mini ƙasa ta wa ce. Ku je wurin mai gari, sunan da ya fito daga can shi zan rubuta."

Na bi shi har bakin mota ina tambaya, kamar yadda na saba. Na ce, duk shekarun da muka yi muna noma ba su zama hujja ba? Duwatsun nan fa, da takin? Ya ce daɗewa a kan ƙasa yana da ƙarfi, in dai a duk tsawon lokacin ba ka taɓa nuna wa duniya cewa akwai wani a samanka ba. Wanda ke zaune da izinin wani, zamansa shaida ce ga mai izinin, ba gare shi ba. Ya ce, "Da a ce gambar nan tana nan, da yau na gama da ku." Turken ɓangaren yamma aka bar shi kwance cikin hatsi.

Da la'asar na je gidan su abokina. Na tarar da shi a ƙofar gida, 'ya'yansa suna rabon ɗan fura a ƙwarya ɗaya. Na ce, "Mi na yi maka?"

Ya ce, "Ba ka yi mini komai ba, tela. Zauna." Ban zauna ba. Ya ce, "Kai ka tashi kana ganin dami yana fita daga gidanku, kana ce masa alheri. Ni na tashi ina ganin yana shigowa gidanmu, na san haƙƙi ne. Ubanka baƙo ya zo, ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Wa ya ba shi? Wa ya ce maka ganinka ya fi nawa?"

Na ce mahaifiyata ta ce tsohon mai gari ne ya yanka wa mahaifina fako, ba na kowa ba.

Ya ce, "Tsohon mai gari yana kabari, ubana yana kabari, naka ma haka. Dube su." Ya nuna yaran da haɓa. "In da kai ne?"

Na shiga wurin Iya na durƙusa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita mace ce, ranar da mazan suka yi maganarsu ba a kira ta ba, kuma kada a sa ta tsakanin ɗanta da ƙawarta. Na fito ba abin da na ƙaru da shi.

A zauren mai gari aka tara dattawa. Duk wanda aka tambaya ya ga dami yana tafiya, ba wanda ya musa. Wani tsoho ya ce da idonsa ya ga mahaifina yana fasa fakon nan, amma ya ƙara da cewa ai mai aro ma yana fasa fako. Babu wanda ya halarci ranar da aka ba da wurin. Liman ya ce shaidar mai ƙara ba ta cika ba, don dami yana iya zama na aro, yana iya zama na zumunci. Saboda haka rantsuwa ta hau kan wanda gonar take hannunsa. Mahaifiyata ta aiko daga waje cewa ita za ta rantse. Aka ce a'a, magaji namiji yana nan, kuma ita ma bayan an samu gonar aka auro ta. Ni zan dafa Alƙur'ani in ce gonar ta mahaifina ce, ba aro ba ce, kuma ban san wani abu da ke nuna akasin haka ba. In na rantse, magana ta ƙare. In na ƙi, rantsuwar ta koma kan abokina. Aka sa bayan sallar Juma'a mai zuwa.

Kowa ya yi mini barka a hanya, wai gona ta dawo. Ni kuwa tun kafin in kai gida wani abu ya taso mini wanda na manta da shi tun ina lakwal.

Wata shekara, ranar dashen itatuwa, malaminmu ya raba mana tsiron dogon yaro. Na kai nawa gona na dasa kusa da duwatsu, ina ta murna. Mahaifina ya zo ya gani, bai yi faɗa ba, ya sunkuya ya tuge shi. Ya ce, "Ba a dasa itace nan." Na ce don mi, Baba? Ya ce, "Tsuntsaye." Shi ke nan. To, a al'adarmu mai aron gona ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, don waɗannan alamun mai ƙasa ne. Kuma gaskiya ne manoma da yawa ba sa son itace mai duhu a gona saboda tsuntsaye. Amma aduwar nan da ta fito da kanta bai taɓa sare ta ba, ita ma ai tsuntsaye suna sauka a kanta. Ko dai don ƙaya ce ba ta da duhu? Ko dai ya san abin da ban sani ba?

Na yi kwanaki ina juya wannan tsiro a kaina. Na ɗinke wa wani hannun riga a baibai. Daga ƙarshe na sami mahaifiyata tana tsince wake a tsakar gida, na zauna nesa kaɗan.

Na ce, "Inna, kin taɓa ji da kunnenki Baba ya ce gonar tashi ce?"

Ta ce, "Wa ke zama yana gaya ma matarsa gonarsa tashi ce? Kai ka taɓa ce mini kekenka naka ne?"

Na ce, "To damin fa? Bayan idon tsohon ya tafi anka fara, ko tun kafin?"

Hannunta ya tsaya cikin waken. Ta ce, "Na zo gidan na iske ana kaiwa. Mutumin da ya sauke ka kana baƙo, ya raba tuwonsa da kai, ba ka kai masa hatsin fari? Ubanka ya ce ba zai sa sabon hatsi a baki ba sai amininsa ya samu. Abin da na ji ke nan, kuma ya ishe ni."

Na gaya mata zancen dogon yaro. Ta ce, "Ubanka ya tsani tsuntsaye kamar mutuwarsa. Na san shi, ni na zauna da shi." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ba mu da wata gonar, ka dai sani."

Na sani. Ƙannena mata suna gidajen mazansu, keken ɗinki ba ya ciyar da ni ni kaɗai a shekarun nan, ita kuma ba ta san wani aiki ba sai wannan ƙasa.

Ranar Juma'a zauren ya cika, mata suna waje a gindin katanga. Na yi alwala, na ji kamar ban wanke gwiwar hannu da kyau ba, na sake. Wani ya ce, "Tela, ruwan randar mai gari za ka ƙare muna?" Aka ɗan yi dariya. Liman ya kwance Alƙur'ani daga gafaka ya aza a kan buzu. Ya maimaita mini kalmomin a hankali. Na miƙa hannu.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Hannun ya je kusa, ya tsaya. Ina ganin mahaifina a sunkuye yana tuge tsiron nan, ƙasa tana zuba daga saiwarsa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ina iya rantsewa ubana ya ƙarar da ƙarfinsa a gonar nan. Ina iya rantsewa uwata ba ta yin ƙarya. Amma abin da sunka ƙulla su biyu, ba a haife ni ba."

Liman ya ce da taushi, "Ba a tambaye ka abin da ke cikin kabari ba, ɗana. Abin da ke zuciyarka anka tambaya. Ka san wani abu da ke nuna aro ne?"

Na ce, "Ban san shi ba, kuma ba zan iya cewa ban san shi ba."

Mai gari ya ce, "Wannan wace irin magana ce? Ka rantse ko ka janye."

Na janye hannuna.

Liman ya juya wajen abokina. Ya tashi ya yi alwala sau ɗaya, ya zo ya dafa. Ya rantse. Mai gari ya sa aka rubuta, ya buga hatimi. Da na fito, mahaifiyata ta riga ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta. Ba ta dube ni ba. Ta kama hanyar gida, ina binta a baya kamar akuyar da aka sayo.

Mushe ya dawo ya ƙarasa aikinsa. Turken da aka bari kwance cikin hatsi, leburori suka mayar da shi mota, tunda yanzu ba iyakar da za a kafa. Ya kira ni gefe ya ce hatsin da ke tsaye namu ne, doka ba ta ba mai ƙasa abin da bai shuka ba, mu girbe abinmu kafin a shigo da motar share fili. Ya ce akwai maganar diyyar aikin da aka yi wa ƙasa, in nemi hakan. Na nema, na yi ta zirga-zirga a ofisoshi, rabin lokaci suna yajin aiki, har na gaji na bari.

Muka yi girbin ƙarshe. Mahaifiyata ta zaɓi zangarniya masu kyau ta ɗaure dami, ta ce in kai wa Iya. Na kai, kaina a ƙasa. Na ji wani a majalisa yana cewa, "To, ga shi sun yarda da bakinsu." Na ɗauka ita ma ta sallama ke nan.

Shekara ta zagayo. Gonar ta zama layuka da turaku, har wasu sun fara zuba tubali. Mahaifiyata, da tsufanta, ta shiga yi wa mutane girbi da sussuka ana biyanta da hatsi. Na hana, ta ce in bar ta. Wata ranar kaka na dawo daga shago na ga ta tara zangarniya a tsakar gida, daga gonar wannan kaɗan, daga ta wancan kaɗan, ta ɗaure dami. Bai kai rabin na da ba.

Ta ce, "Ɗauka ka kai ma Iya. Ka bi ta ƙofar mai gari."

Na ce, "Inna, ba mu da gona."

Ta ce, "Shi ya sa. Damin aro yana ƙarewa ranar da anka maida gona. In na fasa bana, to, aro ne tun farko, ɗan nan ya yi gaskiya. Ba a bar ni na dafa Littafi ba. Wannan ne rantsuwata."

Na ɗauka. Na ratsa gari da rana tsaka, na wuce ta gaban zauren, dattawa suna zaune suna kallona, ba wanda ya yi ba'a wannan karon. Abokina yana ƙofar gidansu. Da ya hango ni ya tashi ya shige ciki. Na sauke damin gaban Iya. Ta shafa shi yadda mijinta yake yi, ta ji ƙanƙantarsa. Ta ce, "Na wace gona ne?" Na ce, "Ba na kowace ba, Iya." Ta daɗe hannunta yana kai. Ta ce, "Ka ce mata na karɓa."

Babu abin da wannan ya sauya. Takarda ta riga ta fita, hatimi ya bushe. Abokina ya sami filayensa ya sayar, ya ciyar da iyalinsa, daga baya ya koma Abijan. Mutane sun yi ta jiran su ga kuturta ko hauka ta kama shi saboda rantsuwar. Ba abin da ya same shi, kuma ni ban taɓa yi masa wannan fatan ba, don ban san ko ƙarya ya rantse ba. Ba mu sake shan shayi tare ba, iyakarta ke nan.

Mahaifiyata ta ci gaba da haɗa damin nan kowace kaka har Iya ta rasu. Ita ma ba ta daɗe ba bayanta. A ɗakin haya ta cika, a cikin birni, inda ko kaza ba ta da wurin kiwo. Sau ɗaya tak ta taɓa yi mini zancen ranar Juma'ar nan, tana kwance ina yi mata fifita. Ta ce, "Ban ji haushi don ka ji tsoron Allah ba. Abin da ya yi mini ciwo, ka aza maganata a gefe guda, ka aza tsiron dogon yaro a gefe guda, tsiron ya fi nauyi." Na ci gaba da fifita.

In kuna neman darasi, wanda nake da shi ƙarami ne. Ku dasa gamba tsakaninku da wanda kuka fi ƙauna, don ba ku ne za ku tsaya gaban mai awo ba, 'ya'yanku ne, a shekarar da yunwa ta matse su. In za ku ba da wani abu daga gona, ku faɗa a gaban mutane ko na mene ne. Na'urar Mushe ba ta ganin zumunci, abin da ya bar alama a ƙasa kawai take gani.

Amma ni kaina darasin bai warkar da ni ba. Wasu ranaku nakan tashi da tabbacin cewa na tsare lahirata. Wasu ranaku nakan tashi da tabbacin cewa na ɗauki gonar tsohuwa na miƙa saboda tsuntsaye. Yanzu nakan sayi dami ɗaya duk kaka in ba wani makaho a unguwarmu, kuma kafin in sauke nakan ɗaga murya in ce, "Sadaka ce, ba na gona ba ne." Yaran unguwa har sun haddace, suna faɗa tare da ni suna dariya. Ba na hana su. Da an sami ko mutum ɗaya da ya haddace wa mahaifina irin wannan, da mahaifiyata ta mutu da hatsinta a rumbu.